Kawu Cindo Mai Matse Harawa

A kasuwar dabbobi ta Maigatari, in ka ga harawa a ɗaure mai kusurwa huɗu, a matse tamau, wadda ƙato ba ya ɗaga ta sai ya yi nishi, to daga hannun Cindo ta fito, ko daga hannun wanda ya koya a wurinsa. Cindo kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. An haife shi a wani ƙauye kudu da Gagarawa da ɗan ƙaramin yatsa na shida a hannun hagu, sunansa na yanka kuwa ya ɓace tun yana goye. Bai yi boko ba, karatun allo ma iyakarsa abin yin salla. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Abin da ya sa nake son a san shi sana'arsa ce, wadda bai gada ba, bai kuma koya a wurin kowa ba.

Tun yana saurayi yake kai harawar wake da ta gyaɗa Maigatari a kan jaki. Duk wanda ya taɓa wannan fatauci ya san wahalarsa. Harawa ba ta da nauyi, girma ne da ita. Dami huɗu sun isa su rufe jaki har kunnuwa, iska ta buso ta kayar da shi, ƙaya ta fizgi wannan gefe, reshe ya fizgi wancan. Ganyen kuwa, wanda shi ne abincin, in ya bushe ba ya son a taɓa shi. Kafin a kai kasuwa rabi ya zube a hanya, awakin ƙauyuka suna biye da kai suna kiwo a bagas. Kawu ya ce da ni ya yi shekaru yana ciyar da awakin mutanen da bai ko san sunansu ba, shi kuma yana isa kasuwa da tsirarun karare.

Wata shekara a ƙarshen kaka ya jingina dami biyu a jikin tsohon rumbun ƙasa na mahaifinsa. Raɓa ta kwana a kansu, da safe rumbun ya rufta ya danne su. Ba wanda ya kula, domin hatsin da ke ciki ake ta ceto. Sai da rani ya yi nisa, ana neman ƙasar gini, aka tone wurin. Damin nan biyu sun koma kamar tabarma mai kauri. Kawu ya ɓamɓaro gefe, ya ga ganye kore shar a kwance a jikin karansa. Ya kai wa tunkiyarsu, ta cinye har tana lasar hannunsa.

Daga nan ya shiga gwaji. Ya haƙa rami mai kusurwa huɗu a bayan gida, zurfinsa iya ƙugu. Kaka biyu a jere yana asara. In ya jiƙa harawar da yawa ta yi funfuna ta yi baƙi, in bai jiƙa sosai ba ta farfashe a ƙarƙashin ƙafarsa. Mutanen ƙauye suka samu abin dariya. In sun hango shi a bakin rami sai su ce, “Cindo, yau ma jana'iza? Wace harawar ce Allah ya yi wa rasuwa?” Mahaifinsa ya ce in ya ƙara binne masa abincin dabbobi sai ya bar gidan. Matarsa Zinariya ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ko kuma ta yi tata a ɗaki. Ita ce take tufka masa igiyar kaba, ita ce kuma ta fara cewa ya daina sheƙa ruwa da ƙoƙo, ya riƙa yayyafawa da tsintsiya yadda ake yi wa tsakar gida kafin shara.

Ga yadda aikin ya zauna a ƙarshe. Zai shimfiɗa igiyoyi a cikin ramin, bakinsu a waje. Ya yayyafa wa harawa ruwa, ya rufe ta da buhu har ganyen ya yi laushi, yana ganewa ne in ya damƙa a hannu bai ji ƙara ba. Sai ya jera ta hawa-hawa, wannan hawan ya kalli gabas, na bisansa ya kalli kudu, yana takawa a hankali daga gefe zuwa tsakiya. In rami ya cika ya ɗora tsohon ƙyaure, ya jibga buhunan rairayi. In ta sauka ya ƙara wata. Daga baya ya ɗaure, ya ciro, ya ɗora a kan itace a inuwa inda iska za ta ratsa ta har ta bushe. Dami shida ko bakwai sai su koma abu guda, wanda shi yake kira curi.

Amma matsewar rabin aiki ce. Curi in ya bushe, ganyen ciki ya manne da juna. Wanda ya sa wuƙa ya yanke igiya ya fasa shi a bushe, gari zai samu. Sai an yayyafa masa ruwa ta kowane gefe, an lulluɓe shi da tabarma ya kwana, sannan a ja bakin igiya, a riƙa ɗagowa hawa-hawa, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita. Kawu ba ya sayar wa mutum curi sai ya tsayar da shi ya biya masa wannan karatu, ya kuma sa shi ya maimaita. Akwai wani dillali daga Damagaram da ya yi fushi ya ce shi harawa ya zo saye ba makaranta ba. Kawu ya ce to ya je gaba, akwai masu dami. Mutumin ya zaga kasuwa ya dawo ya maimaita.

Bai taɓa ɓoye sana'ar ba. Waɗanda suka yi masa dariyar jana'iza da yawansu sun haƙa nasu ramin, shi ya je ya auna musu. 'Ya'yansa uku duk mata ne, kowacce ta tafi gidan miji da iya tufkar igiya. Mutum ne mai son goro da gardama, ba ya sa takalmi sai ranar Juma'a, tafin ƙafarsa kuwa ya yi kaurin da ƙaya ba ta shiga, amma da shi yake jin ko harawa ta yi laushi ko da saura.

Ni ban san duk wannan ba sai da na dawo daga Ingila a ƙarshen shekarar 1973, bayan na daɗe a can ina karatun lissafi. A makarantarmu akwai na'urar da ake kira kwamfuta, wadda ta cika ɗaki guda. Ana buga mata umarni ne a kan wani abu mai kama da tafireta, layi ɗaya, ita kuma ta aikata. Cikin ayyukan da ake sa ta akwai tattara bayanai masu yawa wuri guda, ta matse su yadda za su shiga cikin kaset ɗaya, in an bukace su a buga wani umarnin ta kwance su. Sharaɗin shi ne abin da ya fito ya zama daidai da abin da ya shiga, ko harafi ɗaya kada ya ɓace. Ina zaune a gida ina jiran a tura ni wurin aiki, sai na je gaida Kawu, na same shi a cikin rami yana taka harawa. Na tsaya kallo har na manta da gaisuwar da Iya, mahaifiyata, ta aiko ni da ita. Da ya gama yi mini bayani, na ba shi labarin na'urar. Ya saurara da kyau, ƙafarsa ba ta daina aiki ba.

Ya ce, “To ita ma sai an yayyafa mata ruwa kafin ta kwance?”

Na ce, “A'a, Kawu. Ruwa ya taɓa ta, ta mutu ke nan.”

“Ashe raguwa ce. Haladu, in Turawa ba su hana ka sunkuyawa ba, sauko ka taka mini nan gefen.”

Na cire takalmi na sauka.

Damunar shekarar kowa ya san yadda ta kasance, fari aka yi. Arewa da Gumel wake ko fure bai yi ba. Kudu da Gagarawa an ɗan samu, Kawu kuma yana da ajiya, domin in ya matse wa mutum harawa ba ya karɓar komai sai rabo daga cikinta. Da bazara ta shigo yana da curi kaɗan a rumfa, da wani tulin dami a kan bishiyoyi wanda bai kai ga matsewa ba. Masu kiwon raguna daga Kano suna ta yi masa sintiri.

A lokacin ne saƙon Ilu ya iso. Ilu Bafillace ne, shanunsa suna daji arewa da Sule Tankarkar, dab da iyaka. Sun saba da Kawu tun suna samari a kasuwar Maigatari. Mu Mangawa ne, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasa tun na kakanni, saboda haka ba su taɓa gaisawa ba sai kowa ya kira ɗan'uwansa bawa. Wani mai tallar kanwa ne ya kawo saƙon da baki: “Ilu ya ce a gaya wa bawansa Cindo, shanu sun kasa tafiya.” Mai kanwar ya ƙara da abin da ya gani. Sauran Fulani sun yi kudu tun da wuri, Ilu ya tsaya saboda ya amince da wata fadama da ba ta taɓa ba shi kunya ba, ta kuwa ba shi. Garken da ya haura ɗari ya koma bai fi ashirin ba, wasu ma da safe sai an kama wutsiya an ɗaga su. Damuna da saura. In ba a kai musu abinci ba, dukiyar da ya gada tun daga kakanni a hannunsa za ta ƙare.

Kawu ya ce, “Bafillacen nan bai taɓa roƙona komai ba sai goro. Tunda ya aiko, abin ya kai.”

Matsalar ita ce abin ɗauka. Jakuna ba su da ƙarfin wannan tafiya, motoci kuma duk suna jigilar hatsi. Da ƙyar aka samu Ɗantala, direban wata tsohuwar lori mai kai buhunan dawa kasuwar Sule Tankarkar. Ya yarda da tafiya ɗaya tak, ya ɗauki gawayi ya ja layi a bayan motar, ya ce daga nan zuwa ƙarshe shi ne namu. Da ya ɗaga kai ya ga damin da ke kan bishiyoyi sai ya riƙe baki.

“Baba Cindo, wannan ai lodi uku ne. Motata ba fili ba ce.”

“Kai dai bar mini inda ka zana.”

“In ya wuce layin nan, a kanka za ka ɗauka.”

“Na ji. Je ka dawo ranar kasuwa.”

Muka haƙa rami na biyu. Maƙwabta suka zo da buhunan rairayi, Zinariya da wasu mata suka zauna tufka har tafin hannunsu ya yi ja. Kawu ya matse harawar fiye da yadda ya taɓa yi, abin da yake tsoro kuwa funfuna, don lokacin shanya kaɗan ne. Zafin bazara ya taimake mu. Kullum sai ya bi curin ɗaya bayan ɗaya yana cusa hanci a gefensu. Ɗaya bai yi masa ba, ya ture shi gefe ko da maƙwabta suna cewa lafiyarsa lau.

Ranar kasuwa Ɗantala ya zo, ya duba bishiyoyi ya ga wayam, ya duba abin da ke jere a ƙasa.

“Ina sauran?”

“Ke nan.”

Ya sunkuya zai ɗaga ɗaya, ya saki ya dafe ƙugu. “Kai! Harawa ce ko dutse? Baba, sifirin mota za ka karya mini.”

“Layi ka ja mini, ba ka ce nauyi ba.”

Lodin ya shiga daidai, har da ɗan wurin da ni da Kawu muka zauna. Na bi su ne don ina son in ga ƙarshen abin.

Muka ratsa Gumel, aka sauke dawa a Sule Tankarkar, sannan muka shiga rairayi. Ba zan yi dogon bayanin hanyar ba. Mushen shanu ne dama da hagu, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo. Muka isa rugar rana tsaka, iska mai zafi tana busawa kamar daga bakin murhu. Ilu ya taso, dogon mutum, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa.

Ya ce, “Bawana, sai yanzu? Na ce ko Mangawa sun cinye harawar da kansu.”

Kawu ya ce, “Mun rage maka. Tunda nono ya ƙare sai ka koma ganye.”

Ba wanda ya yi dariya sosai. Shanun sun ji ƙanshi, masu iya tsayuwa suka nufo motar suna tangaɗi. Kawu yana sama yana miƙo mana curi, ni da Ɗantala muna saukewa. Ban ankara ba sai na ji ya ƙwalla, “Kada! Ilu, kada!” Kafin ya diro, Ilu ya zare wuƙa ya yanke igiyar curin farko, ya sa ƙafa ya taka gefe, ya fizge da hannu biyu. Curin ya fashe. Wani koren gari ya tashi sama, iska ta kwashe shi ta yi gabas da shi, saura ya zube a rairayi. Shanu suka hau lasar ƙasa. Abin da ya rage a hannun Ilu karare ne, waɗanda saniyar da ta galabaita ba ta iya tauna su.

Ilu ba wawa ba ne. Ya san kowace saniya da uwarta da kakarta. Amma tunda aka haife shi bai taɓa miƙa wa saniya abinci da hannu ba, shanunsu a daji suke kiwo, ɗaure wa dabba ciyawa a wurinsu aikin mutanen gari ne. Kuma shi kaɗai ne wanda harawar Cindo ta isa hannunsa ba a biya masa karatun ba, don kyauta ce, kuma ana sauri.

Ya tsaya yana kallon kararen. Kawu ya yi masa bayani a tsanake: a yayyafa ruwa, a rufe, a bari sai da safe.

Ilu ya ce, “Ruwa? Cindo, ka san inda muke ɗebo ruwa? Jaki ya tafi da asuba sai azahar yake dawowa da salka biyu. Shanun nan yau su sha, gobe su haƙura. Ka ce in zuba wa ciyawa?”

“Ba zubawa ba. Yayyafi.”

“Kuma sai gobe.”

“Sai gobe.”

Ilu ya nuna wata tsohuwar jar saniya da ke kwance a gindin aduwa, wuyanta a miƙe a ƙasa. Ya kira sunanta da Fillanci, ta motsa kunne. “Wannan ita ce uwar garken. Daga hannun mahaifina na karɓe ta. Ba za ta kai gobe ba.”

“In ka fasa sauran yau, ita da su duka ba wadda za ta ga damuna.”

“To mu shiga da shi bukka, mu fasa a kan tabarma, ba iska.”

“Ko a cikin tulu ka fasa shi gari ne. Kai ka fi ni sanin saniya, da harshe take naɗo ganye. Gari in ta sa hanci ta hura, rabi ya tashi, rabi ya shige mata ta kama tari. Mai ƙarfi ma yaya ta ƙare, balle waɗannan?”

Ilu bai mayar da wuƙar kube ba. Ya taka ya nufi sauran curin. Kawu ya riga shi, ya hau ya zauna a kai, ya harɗe ƙafa.

“Sauka, Cindo.”

“Sai dai ka fara da ni.”

“Wallahi da akwai nama a jikinka da na fara.”

Ni dai na rasa ko wasa ne ko ba wasa ba. Ɗantala ya ja da baya ya jingina da mota. Ana haka sai ga yayar Ilu, wadda kowa a rugar yake kira Adda, ta fito daga bukka da tulu a ka. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ita ce kuma take rabon ruwan gidan. Ta yi wa Ilu magana da Fillanci, gajeruwa, ban ji ba amma na ga ya sunkuyar da kai. Sannan ta juyo ga Kawu da Hausa.

“Kai Bamange, ruwan nan in ka sa a ciyawa, ina zai je?”

“Cikin saniya, Adda.”

“Ka ji, Ilu. Ba ƙasa ce za ta sha ba.” Ta sauke tulun a gaban Kawu. “Na girkin yamma ne. Yau ba a ɗora tukunya. In ƙarya kake yi, gobe ni zan karɓi wuƙar.”

Ɗantala ya buɗe gidan gaba ya ciro jarkar da yake ajiye wa lagireto, ya tsiyaya rabi a ƙwarya yana ƙunƙuni, wai in motarsa ta tafasa a hanya Fulani da Mangawa duk sai sun tura. Ya tafi ya bar mu. Kawu ya karɓi tsintsiya a wurin Adda ya yayyafa wa curi uku, muka lulluɓe su da tabarmin kwanan mutanen gidan, muka danne gefe da itace. Garin da ya zube kuwa muka share shi, Adda ta sheƙe rairayin a faifai, ta dama ɗan abin da ya samu da ruwan kanwa, ta riƙa sa wa jar saniyar a baki da hannu. Ta haɗiyi kaɗan.

Da gari ya waye muka tarar ta mutu.

Ilu yana tsugune a kanta, bai kalli kowa ba. Kawu ya tsaya a bayansa ya yi masa gaisuwa yadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Sai Kawu ya je ya yaye tabarma, ya dafa curin, ya ja bakin igiya. Ya sa hannu biyu ya ɗago hawan farko. Ya taso a hankali yana kumbura, ganye kore a jikin karansa, ƙanshin kaka ya cika wurin a tsakiyar bazara. Ya ɗago na biyu, na uku. Curi ɗaya ya zama tuli har ƙugu. Adda ta ɗauki reshe ɗaya ta girgiza, ba ganyen da ya faɗi. Na ga wannan da idona, kuma ban taɓa jin alfahari da wani ɗan'uwana kamar na safiyar nan ba.

Kawu ya rungumo harawa zai zuba wa shanun gaba ɗaya, sai Ilu ya miƙe ya tare shi da sanda. Ya karɓe, ya rarraba ƙanana-ƙanana, ya fara da waɗanda aka ɗaga da wutsiya, ya kori masu ƙarfi baya. Daga baya Adda ta gaya mini dalili: saniyar da ta daɗe da yunwa in ta cika ciki a tashi ɗaya, kumburi ne zai kashe ta. Kawu ya ja gefe ya bar masa. Daga ranar aikin ya rabu, Kawu yana kwancewa, Ilu yana rabawa.

Ni na koma da motar kasuwa ta gaba, don an kira ni aiki a Kano. Kawu ya zauna a rugar. Ya bar gonarsa ba shara, Zinariya ce ta nemi masu taya ta. Ya gaya mini cewa Ilu ya yi kwanaki ba ya ce masa uffan, ko zagin wasan nan ya daina, kuma wannan ya fi ƙishirwa damunsa. Sai wata safiya yana yayyafi ya ji daga baya an ce, “Kai bawa, ruwan ya yi yawa a wannan. Na ubanka ne?” Ya ce a ranar ya ci abinci da daɗi.

Sun ƙara rasa biyu. Sauran suka kai. Curin ƙarshe Adda ce ta kwance shi da hannunta, a lokacin ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa amma ba ta kai a kama da harshe ba. Na taɓa tambayar Kawu ko da an fasa wa jar saniyar curi a ranar da ta rayu. Yana tauna goro ya ce, “Allah ne ya sani. Nakan tuna ta. Amma ko yau aka sake, a kan curin nan zan zauna.”

Bayan shekara uku, da kaka, na je hutu ƙauyen. Muna zaune a ƙofar gida sai ga Ilu ya ɓullo ta bayan gonaki, ya yi ƙiba kaɗan, yana jaye da wata farar karsana. Fulani suna da wata al'ada a tsakaninsu: mutum ya ba amininsa karsana ya riƙe, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, daga baya ya mayar da uwar. Ba kasafai suke yi wa wanda ba nasu ba. Ilu ya miƙa wa Kawu igiyar ba tare da ya zauna ba.

Ya ce, “Bayan farin aka haife ta. Uwarta tana cikin waɗanda muke ɗagawa da wutsiya. Yanzu garken ya haura talatin.”

Kawu ya ƙi karɓa. “Ni ban taɓa riƙe saniya ba.”

“Na sani. Shi ya sa na zaɓo mai haƙuri, wadda za ta iya zama da Bamange.”

“Ka dai kawo mini bakin da zai cinye mini harawa.”

“Karɓi, hannuna ya gaji.”

Ya karɓa. Zinariya ta leƙo daga zaure ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara taruwa. Kawu ya kafa turke a gindin bishiya, ya zagaya igiya a wuyan karsanar, ya sa gwiwa ya ja yadda hannunsa ya saba. Karsanar ta zaro ido ta yi baya.

Ilu ya daka tsalle ya riƙe masa hannu. “Sassauta, bawa! Saniya ce, numfashi take yi. Matso in nuna maka.”